Bayan An Tashi Wasa: Haƙƙin Ɗan Ƙwallo a Wuyan Mai Horar da Shi

A cikin watan Maris na 2015, makonni kaɗan bayan rasuwar Dean Smith, mutumin da ya shekara 36 yana horar da 'yan ƙwallon kwando na Jami'ar Karolina ta Arewa a ƙasar Amurka, sai wasiƙu suka fara isa gidajen tsofaffin 'yan wasansa, su wajen 180, kowace da cakin dala 200 a cikinta, tare da bayanin cewa mamacin ya bar wasiyya a ba kowannensu wannan kuɗi ya je ya ci abincin dare. Wasiyyar ba ta fifita Michael Jordan, wanda sunansa ya game duniya, a kan wanda ya ƙare shekarunsa huɗu a benci ba a sa shi wasa sai an riga an ci nasara ba. Abin da wannan ya samu shi wancan ya samu. Jaridun Amurka suka yi ta yaɗa labarin, mutane suka yi ta yabo, kuma yabon ya dace. Amma ƙarƙashin wannan labari mai daɗi akwai mas'ala wadda ta cancanci a zauna a warware ta a tsanake, watau mene ne haƙƙin yaro a wuyan wanda ya ɗauko shi daga gidan iyayensa domin ya ci masa kofi, kuma idan mai horarwa ya tsaya wa yaronsa har ya gama karatu, ya nemar masa aiki bayan haka, shin ihsani ya yi, ko kuwa bashi ya biya?

Ba za a fahimci mas'alar ba sai an san yadda al'amarin wasa yake a jami'o'in Amurka, domin ya saɓa wa abin da aka saba gani a sauran ƙasashe. A can jami'a ita ce babbar hanyar da matashi yake bi ya kai ga zama ƙwararren ɗan wasa, kuma jami'o'i fiye da 350 ne suke fafatawa a rukuni na ɗaya a ƙarƙashin hukumar da ake kira NCAA. Jami'a takan ɗauke wa yaro kuɗin makaranta da na kwana da na abinci, shi kuma ya buga mata ƙwallo. Dukiyar da ke cikin wannan harka kuwa ba ƙarama ba ce: a shekarar 2010 hukumar ta sayar wa gidajen talabijin iznin nuna gasar watan Maris na tsawon shekara 14 a kan dala biliyan 10.8, manyan masu horarwa suna karɓar miliyoyin daloli a shekara, alhali yaran da ake taruwa a kalla, waɗanda galibinsu a manyan ƙungiyoyi baƙar fata ne, da yawansu kuma 'ya'yan talakawa, dokar hukumar ta hana su karɓar ko kwabo a kan sunansu har zuwa shekarar 2021. Sa'an nan kuma gasar ƙwararru ta NBA mutum 60 kacal take zaɓa a shekara, har da 'yan ƙasashen waje a ciki, ta yadda cikin 'yan wasan jami'a ɗari da ƙyar ake samun ɗaya da zai tsallake. Sauran casa'in da tara ɗin, ranar da aka busa musu usur na ƙarshe, abin da suka rage da shi shi ne takardar digiri, in sun samu, da kuma mutumin da zai ɗaga waya ya ce ya san su.

Akwai wani abu kuma da ya ƙara wa mai horarwa ƙarfi a kan yaro. Tun daga 1973 hukumar ta mai da tallafin karatun na shekara ɗaya-ɗaya, ana sabunta shi in an ga dama, kuma haka aka zauna kusan shekara arba'in kafin a sake halatta bayar da na shekaru da yawa. Ma'anar wannan ita ce karatun yaro da cinsa da makwancinsa duk suna hannun mutum guda, wanda shi ma kujerarsa ba ta tabbata sai da nasara a fili. Wanda aka damƙa wa irin wannan iko, ya ci moriyar ƙuruciyar yaro da ƙarfin gwiwarsa, albashinsa ya hau saboda guminsa, a ganina ba shi da ikon ya kira taimakon da ya yi masa daga baya sadaka. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da yaro ya yi wa hidima shekara da shekaru, ranar da ya sallame shi da jari ba wanda yake cewa kyauta ya yi. In ya ƙi sallamarsa ne ake cewa ya ci amana. Haka al'amarin yake a nan, illa dai a kasuwa al'ada tana tilasta wa ubangida, a jami'ar Amurka kuwa babu abin da ya tilasta wa mai horarwa sai halinsa.

Dean Smith yana cikin waɗanda halinsu ya tilasta musu. An haife shi a 1931 a garin Emporia na jihar Kansas, ya karanta lissafi a Jami'ar Kansas, ya yi wasa a hannun Phog Allen, wanda shi kuma ya ɗauka daga James Naismith, mutumin da ya ƙago wasan kansa a 1891. Silsilarsa ke nan, gajeruwa, mai ƙarfi. Mahaifinsa ma malamin makaranta ne mai horar da yara, wanda tun a shekarun 1930 ya sa yaro baƙar fata a ƙungiyarsa, a zamanin da yin haka yake jawo wa mutum baƙin jini. Smith ya karɓi ƙungiyar Karolina a 1961, ya bar ta a 1997 da nasara 879 da kofin ƙasa biyu, na 1982 da na 1993, amma adadin da almajiransa suka fi ambato shi ne cewa fiye da kashi 96 cikin ɗari na 'yan wasansa sun karɓi digirinsu. Ya kasance yana ganin bai kamata a sa ɗan shekarar farko a gasa ba sai ya zauna ya saba da aji tukuna, ya kuma daɗe yana kira a komo da wannan ƙa'ida bayan an soke ta a 1972, ko da yake ba a saurare shi ba.

Abin da ya fi burge ni a sha'aninsa shi ne inda maslaharsa ta yi karo da ta yaro, domin a nan ne ake gane gaskiyar mai da'awar ƙauna. Lokacin da James Worthy ya kai matsayin da ƙwararru za su ɗauke shi da daraja a 1982, da lokacin da Jordan ya kai haka a 1984, kowannensu da sauran shekara guda a gabansa wadda da ya zauna da mai horarwa ya ƙara cin moriyarsa, Smith ya bincika, ya tabbatar da inda za a zaɓe su, ya ba su shawara su tafi, bisa fahimtar cewa za su komo su ƙarasa karatu. Jordan kuwa ya komo ya karɓi digirinsa a fannin labarin ƙasa a 1986. Game da neman aiki kuma, ofishinsa ya zama kamar wurin da ake kai kuka: tsohon ɗan wasa da ke neman gurbi a makarantar lauyoyi, da mai neman aikin horarwa a wata ƙaramar makaranta, da yaron da aikinsa a ƙungiya bai wuce ɗaukar tawul da kwasar ƙwallaye ba, duka yakan rubuta musu wasiƙa ko ya buga waya dominsu, kuma an shaide shi da riƙe sunayen matansu da 'ya'yansu shekaru bayan rabuwa. Misali mafi shahara shi ne Roy Williams, wanda ya zo masa a 1978 a matsayin ƙaramin mataimaki mai albashin da ba ya isa, har yana yawo cikin jiha da mota yana sayar da kalandar ƙungiya don ya ciyar da iyali. Bayan shekara goma, da Jami'ar Kansas ta nemi mai horarwa, Smith ya tsaya masa aka ɗauke shi, alhali bai taɓa riƙe ƙungiyar jami'a da kansa ba.

Taimakonsa bai tsaya a bakin fili ba. Shi ne ya kawo Charlie Scott a 1966, baƙar fata na farko da jami'ar ta ba tallafin karatu na wasa. Ya raka limamin cocinsa da wani ɗalibi baƙar fata suka shiga wani gidan abinci na garin Chapel Hill da ba ya karɓar baƙaƙe, suka zauna har aka kawo musu abinci, domin masu gidan ba su iya korar mutumin da ƙungiyarsa take ci a wurinsu ba. Ya kuma taimaki Howard Lee ya sayi gida a unguwar da fararen fata kaɗai ke zaune, wanda daga baya, a 1969, ya zama magajin garin.

Abokinsa John Thompson, wanda ya yi masa mataimaki a wasannin Olamfik na 1976, ya zo wa mas'alar ta wata ƙofa dabam, domin shi abin da Smith ya gani daga nesa a jikinsa ya ji shi. Baƙar fata ne, haifaffen birnin Washinton a 1941, mahaifinsa lebura ne da bai iya karatu da rubutu ba. Ya karɓi ƙungiyar Jami'ar Georgetown a 1972, kuma a 1984, ranar da ya doke Jami'ar Houston wadda Hakeem Olajuwon ɗan Legas yake yi wa wasa, ya zama baƙar fata na farko da ya ci kofin rukuni na ɗaya a matsayin mai horarwa. Farkon wadda ya ɗauka aiki ba mai koyar da jifa ba ce, wata malama ce mai suna Mary Fenlon, wadda aikinta bin diddigin karatun yara, tana zama a benci tare da mataimakansa domin kowa ya san matsayinta. A ofishinsa kuma ya ajiye ƙwallo da aka sace wa iska, yana nuna wa yaransa ita yana gargaɗinsu kada su gina rayuwarsu a kan 'yar iskar da ke cikin fata. Cikin waɗanda suka cika shekara huɗu a hannunsa, kashi 97 cikin ɗari sun gama.

A watan Janairu na 1989 ya yi abin da ya girgiza ƙasar. Tun 1986 akwai ƙa'ida cewa yaron da bai kai wani maki a jarrabawar shiga jami'a ba, ba zai yi wasa a shekararsa ta farko ba, amma ana iya ba shi tallafi ya zauna ya yi karatu. Sai hukumar ta zartar da wata sabuwa, mai lamba 42, wadda za ta hana shi tallafin ma ɗungum. Thompson ya ga cewa wannan rufe ƙofa ce a fuskar yaran da makarantun unguwannin talakawa suka riga suka zalunta, don haka ana gab da fara wasa da Kwalejin Boston ya tashi ya fice daga fili, ya kuma ƙaurace wa wasan da ya biyo baya. Ba kowane baƙar fata ne ya goyi bayansa ba. Arthur Ashe, zakaran tanis, yana ganin sassauta sharaɗi raini ne ga yaran, kuma in an ɗaga sharaɗin za su ɗaga himma. Hujjar Ashe tana da nauyi, ban kuma raina ta ba, amma na fi karkata ga Thompson, saboda hukunta yaro ɗan shekara 18 a kan laifin makarantar da ba shi ya zaɓe ta ba, ba tare da an gyara makarantar ba, bai yi kama da adalci ba, kuma shi Thompson ya riga ya nuna a aikace cewa irin waɗannan yara suna gamawa in an tsaya musu. A shekarar da ta biyo baya hukumar ta sassauta dokar.

A cikin wannan shekara ta 1989 ne kuma ya kira Rayful Edmond, babban dillalin ƙwaya na Washinton wanda mutane ke tsoron ambaton sunansa, ya gaya masa baki da baki ya rabu da yaransa, cikinsu har da Alonzo Mourning. Bayan 'yan shekaru mahaifiyar Allen Iverson ta zo ta roƙe shi ya karɓi ɗanta, wanda aka ɗaure bayan wata hatsaniya a jihar Bajiniya har gwamna ya yi masa afuwa, sauran jami'o'i kuwa duk sun janye. Ya karɓe shi, kuma Iverson ya faɗa a bainar jama'a a 2016 cewa mutumin nan ya ceci ransa. Dikembe Mutombo kuwa daga Kinshasa ya zo Georgetown a 1987 da niyyar karatun likita, Thompson ya jawo shi fili, ya gama digirinsa a 1991, daga baya ya gina asibiti a garinsu da sunan mahaifiyarsa, aka buɗe shi a 2007. Ba ya halatta a jingina wa mai horarwa ladan asibitin, amma ya halatta a ce bai kashe wa yaron zuciyar da ya zo da ita ba, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

To, amma wanda ya tsaya a kan waɗannan mutum biyu ya ce al'amarin lafiya yake, ya yaudari kansa, domin ikon da ya ba su damar yin alheri shi ne ya ba wasu damar yin ɓarna. Kevin Ross ya shekara huɗu yana yi wa Jami'ar Creighton wasa, ana zaɓar masa darussan da ba sa bukatar karatu, ya fita a 1982 bai iya karanta abin da ɗan firamare yake karantawa ba, har ya koma ya zauna a aji ɗaya da ƙananan yara a makarantar Marva Collins a Shikago, ƙato a kan 'yar kujera, yana koyon abin da aka ce ya riga ya wuce. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne ɓarnar ta shiga gidan Smith kansa. Binciken da Kenneth Wainstein ya fitar a 2014 ya nuna cewa daga 1993 zuwa 2011 ɗalibai wajen 3,100 na Jami'ar Karolina ta Arewa, kusan rabinsu 'yan wasa, sun ɗauki darussan da babu malami babu aji, takarda guda ake miƙawa a ba da maki mai kyau, kuma a sashen nazarin Afirka da baƙaƙen Amurka aka yi wannan, wanda ya ƙara wa abin muni. Ba a sami hujjar cewa Smith ya sani ba, kuma lokacin binciken ciwon mantuwa ya riga ya ci ƙarfinsa. Duk da haka al'amarin ya koya wa mai hankali cewa adadin waɗanda suka karɓi takarda ba shi ne adadin waɗanda suka sami ilmi ba. Ko lissafin Thompson ma waɗanda suka cika shekara huɗu kaɗai ya ƙidaya. Iverson ya tafi bayan biyu.

Neman aiki ma yana da nasa aibin, domin shaidar da babban mutum yake yi wa yaronsa ita ce alfarmar da take hana ɗan wani. Tun da Smith ya sauka, kujerarsa ta daɗe ba ta fita daga hannun almajiransa ba: Bill Guthridge, sa'an nan Matt Doherty, sa'an nan Roy Williams, har zuwa 2021 da Hubert Davis ya hau, baƙar fata na farko da ya riƙe ta, shekara 55 bayan zuwan Charlie Scott. Inda ake rabon muƙami ta hanyar wa ya san wa, wanda kakanninsa ba su shiga ɗakin ba yakan daɗe a waje, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa baƙaƙe suka yi yawa a fili suka yi kaɗan a kujerar horarwa. Ban ce mai horarwa ya daina tsaya wa nasa ba, hasali ma wajibinsa ne. Abin da nake cewa shi ne alherin mutum guda, komai yawansa, ba ya zama madadin tsari mai adalci.

Tsarin kuwa ya sauya a 'yan shekarun nan. A watan Yuni na 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan hukumar a shari'ar Alston, daga farkon Yuli na wannan shekara aka halatta wa 'yan wasa su sami kuɗi da sunansu da hotonsu, aka kuma sauƙaƙa musu sauya jami'a ba tare da zaman jiran shekara ba. A 2025 kuma wata kotu ta amince da sulhun da ya ba jami'o'i damar biyansu kai tsaye. Ina ganin wannan gyara ne da ya makara, domin haƙƙin da doka ta rubuta ya fi haƙƙin da aka rataya a kan kirkin ubangida. Sai dai an yi hasarar wani abu a ciki, kuma ƙarya ne a ce ba a yi ba. Yaron da ya yi wasa a jami'a uku cikin shekara huɗu yakan rasa wasu darussan da ya ci a wajen sauyin, kuma babu mai horarwar da ya zauna da shi har ya san halinsa sanin da zai sa ya sa hannu a wasiƙar shaida bayan shekara goma. Manyan kuɗin ma taurari ne suke kwashewa. Ɗan benci, wanda tun asali shi ne ya fi bukatar digiri da mai tsaya masa, abin da ya ƙaru da shi kaɗan ne, abin da ya rasa kuwa mai yawa.

Mas'alar ta shafe mu ta hanya ta zahiri, domin yaranmu suna cikin waɗanda ake ɗauka. A Zariya, Ba'amurke Oliver Johnson ya shafe shekaru masu yawa yana horar da matasa a filin Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a hannunsa Masai Ujiri ya koyi wasan yana yaro. Ujiri ya tafi Amurka ya yi wasa a wata ƙaramar kwaleji a Dakota ta Arewa, bai taɓa buga wa NBA ko wasa ɗaya ba, amma ya zama shugaban ƙungiyar Toronto da ta ci kofin a 2019, tun 2003 kuma yake shirya wa yaran Afirka sansanonin horo ta gidauniyarsa ta Giants of Africa. Shi yana cikin casa'in da tara ɗin nan, kuma abin da ya ɗaga shi ilmi ne da mutanen da suka buɗe masa ƙofa. A gefe guda kuma an sha samun yaran Afirka da dillalai suka kai Amurka da bizar karatu zuwa makarantun da suna kawai gare su, aka cusa su a ɗaki guda, da aka ga ba za su yi tsada ba aka watsar da su, ba takarda ba kuɗin komowa. Saboda haka uban da wani ya zo masa a Kano ko Kaduna ko Zariya yana yabon tsawon ɗansa, kafin ya sa hannu ya kamata ya nemi a rubuta masa ko tallafin na shekara nawa ne, da wanda zai biya in gwiwa ta lalace, da abin da zai faru da karatun in an cire yaron daga ƙungiya, sa'an nan ya nemi a gaya masa inda yaran da wannan mai horarwa ya ɗauka shekara goma da suka wuce suke a yau, musamman waɗanda ba su yi suna ba, ya kuma nemi ya yi magana da biyu ko uku daga cikinsu da bakinsa.